Daga Kance Zuwa Dakar: Wane Irin Taimako Ne Ke Tsayar Da Gida?

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, maza bakwai. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta ƙarasa su. Akasarinsu mutanen Kance ne a jihar Damagaram, kuma abin da ya fitar da su daga gida shi ne zuwa bara a biranen Aljeriya. Gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana uku, mu ma muka yi ta huɗuba a kai, muna cewa in Allah ya so wannan ne na ƙarshe.

Bai zama na ƙarshe ba. Tun ƙarshen 2014 ake jero manyan motoci daga Aljeriya ana maido 'yan Nijar, wasu kafin shekara ta zagayo sun sake komawa. A watan Maris na 2022 wani gidan talabijin na Senegal ya nuna matanmu da 'ya'yansu suna kwana a bakin titunan Dakar, abin ya zame wa ƙasa abin kunya, aka tura jirgi aka kwaso fiye da mutum dubu. Bayan 'yan watanni aka kwaso wasu ɗaruruwa daga Ghana. Da aka bincika garuruwansu, sai ga Kance da Magarya kuma. A Yamai tun 2019 hukumomin birni suka hana bara a titi, dokar hukunta laifuka ta ƙasa ma ta daɗe da hana ta, amma duk wanda ya tsaya a mararraba ko ya fito daga masallacin Juma'a ya san inda maganar ta kwana.

Hukumomi sun ce akwai dillalai masu safarar mata da yara, kuma akwai su. An sha ba da labarin iyayen da ke bayar da ɗansu a tafi da shi, a riƙa aiko musu da wani abu. Irin waɗannan dillalai a kama su a hukunta su, ba mu da ja. Sai dai dillali ba ya cin kasuwa a gidan da rumbunsa ke cike. Kance na cikin yankunan karkara da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne ke rabonta taƙi-taƙi, ƙasa ta gaji, hatsin da aka girbe da kaka sau da yawa ba ya kai gida tsakiyar rani. Maigida ya tafi bida. In Najeriya ya nufa, faɗuwar naira ta cinye abin da zai aiko tun kafin ya zama sefa. Matar da aka bari da yara biyar tana kallon maƙwabciyarta ta dawo daga Tamanrasset da katifa da kwanoni da kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Wa'azi shi kaɗai ba zai riƙe wannan matar ba, jirgin da ya maido ta ma haka.

To wane irin taimako ne zai sa gidanta ya tsaya da ƙafafunsa? Ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin a ƙasar nan aka gwada, aka kuma auna.

A 2011 gwamnati, da kuɗin Bankin Duniya, ta kafa shirin da ake kira Filets Sociaux, wanda kashinsa na biyu aka raɗa masa suna Wadata Talaka. Tsarin da aka fara da shi mai sauƙi ne: a zaɓi gidaje mafi talauci a ƙauye, a riƙa ba kowane gida jika 10 duk wata har tsawon wata 24, a hannun mace, galibi uwargida. Tare da kuɗin ana tara mata a yi musu bayani kan shayarwa, gidan sauro, wanke hannu da kai yaro likita. Jika 10 ba wani abin a zo a gani ba ce, a lokacin tsada ko rabin buhun hatsi ba ta saye. Ƙarfinta yana cikin zuwanta a kan kari. Macen da ta san wata mai zuwa akwai abin da zai shigo tana iya shiga adashi, tana iya riƙe akuyarta ta ƙi sayar da ita da arha, mai shago ma yana yarda ya ba ta bashi. Amma wata 24 suna ƙarewa, kuma yunwa ba ta san an rufe furoje ba.

Wannan ne ya sa aka yi wani gwaji da ya kamata kowane ɗalibi da kowane kwamitin masallaci su san da shi. An ɗauki ƙauyuka fiye da 300 da gidaje fiye da 4,000 waɗanda dama suna karɓar kuɗin wata-wata, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka bar su da kuɗin watan kawai, don a samu abin kwatantawa. Sauran kashi ukun duk aka haɗa matansu ƙungiyoyin asusu, aka ba su horo kan sana'a, aka sa musu mai bibiya da ba da shawara. Daga nan suka bambanta. Wasu aka ƙara musu jari a dunƙule, jika 80 lokaci guda. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka koya musu dabarun zaman duniya, yadda mace za ta tsara burinta, ta yanke shawara, ta yi ciniki, aka kuma tara gari, da mazaje da masu gari da malamai, aka nuna musu majigi kan wasu ma'aurata da suka tashi da sana'a, aka zauna aka tattauna. Kashi na ƙarshe aka haɗa musu duka biyun. Aka dawo bayan wata 6, aka sake dawowa bayan wata 18.

Sakamakon ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Duka kashi ukun sun fi waɗanda aka bari da kuɗin wata kawai: cimaka ta ƙaru a gida, cinikin matan ya ƙaru, hankalinsu ya fi kwanciya. Waɗanda aka haɗa wa jari da horo da taron gari su ne suka fi ci gaba. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, in aka auna riba da abin da aka kashe, kashin da ba a ba shi jari ba, wanda aka yi wa taron gari da koyar da dabarun rayuwa, shi ya zo kan gaba.

Mu wannan bai ba mu mamaki sosai ba, saboda a zaurenmu ake kawo ƙarar. Sau nawa mace ta fara tuyar ƙosai ko kuli-kuli, miji ya ce aro yake so, aron da ba ya dawowa? Sau nawa kishiya ko dangin miji suka yi ta yi mata gori har ta nannaɗe tabarmar sana'ar? Jarin mace a ƙauye ba kasuwa ce ke fara karya shi ba, a cikin gida yake fara zubewa. Ranar da mai gari da liman suka zauna gaban jama'a suka nuna cewa sana'arta abin mutunci ce, an yi wa jarin shinge. Kuma mu malamai ba ma buƙatar majigi kafin mu faɗi abin da ke cikin littattafan da muka karanta tun muna zaure: dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da daɗin ranta, ciyarwa da tufatarwa kuma suna wuyansa ko da ta fi shi samu. Muna yawan tsayawa a kan biyayyar mace a huɗubobinmu, wannan babin kuwa sai mu bi ta kansa da sauri. Mijin da ya zauna gindin bishiya yana jiran abin da matarsa za ta aiko daga bara a Aljeriya, shi ne ya fi cancanta a yi wa huɗubar.

Ƙungiyoyin asusun da aka yi amfani da su a gwajin ma ba baƙi ba ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta ɗora shi a kan adashin da matanmu suka gada. Mata ashirin da wani abu su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya, a riƙa ba juna rance, in lokaci ya cika a fasa a raba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Akwai abu guda da ba za mu rufe ido a kansa ba, wato ƙarin da ake ɗora wa rancen a ƙungiyoyi da yawa. Wannan riba ce, ko da a ƙarshe su za su raba ta tsakaninsu. Wasu 'yan'uwa da suka ga haka sai suka hana matansu shiga gaba ɗaya, aka jefar da jariri tare da ruwan wanka. Gyaran ba shi da wuya: asusu ya ba da rance ba ƙari, ko ya sayi buhun gyaɗa ko ɗan rago ya sayar wa mai buƙata a kan farashin da aka yanke tun farko, ta biya a hankali, ko a zuba jari a raba riba da asara. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki zai iya zaunar da ƙungiya ya tsara mata wannan a yini guda.

Sai maganar ciwo, wanda shi ne ɓarawon jari na biyu. Mun san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, wata ƙungiya ta ba ta keken ɗinki, aka yi hoto aka watse. Ba a yi wata huɗu ba ɗanta ya kwanta, likita ya rubuta magani, aka ce babu shi a nan sai an saya a waje. Keken ne ya tafi. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ba ta da godiya, alhali wace uwa ce za ta zauna gaban keke ɗanta na suma? Tun 2006 Nijar ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba su, haka awon ciki da tiyatar haihuwa. Matakin ya yi amfani, yana cikin dalilan da masana suka lissafa na raguwar mutuwar ƙananan yara daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma gwamnatoci sun yi ta jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, kyautar ta koma ta takarda. A 2024 hukumomin yanzu sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Mun yaba, kuma ma'aunin da za mu riƙe shi ne ko uwa za ta tarar da maganin a ciki.

Akwai kuma rauni a gindin ginin duka. Shirin kuɗin wata-wata da kuɗin waje ya tashi, da su yake tafiya. Bayan 26 ga Yuli 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, aka zaftare kasafin kuɗin ƙasa na shekarar da kusan kashi 40 cikin ɗari. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, bankin ma ya dawo daga baya, sai ga Amurka a 2025 ta rushe hukumarta ta ba da agaji. Ba muna nan don mu yanke hukunci kan siyasar kowa ba. Abin da ya bayyana shi ne tukunyar marainiya a Magarya tana iya sauka daga murhu saboda shawarar da aka yanke a wani birnin da ba ta taɓa jin sunansa ba. Ƙasar da ke maganar 'yancin kanta, kuma tana da man fetur da yuraniyom da zinariya, ya kamata a ga layin talakawa a kasafinta, da kuɗinta na cikin gida, a rubuce yadda 'yan ƙasa za su iya tambaya a ƙarshen shekara.

Kada mu ɗora wa gwamnati komai mu wanke hannu, domin akwai dukiyar da ke hannunmu da ba ta jiran amincewar kowane banki. Mu yi lissafi. Ɗan kasuwar da jarinsa ya kai miliyan 10 na sefa, shekara ta zagayo, zakkarsa jika 250 ce. Abin da aka saba shi ne ya canjo ta dala ɗari-ɗari, a yi layi a ƙofar gidansa, mutum 500 su samu, kowa ya sayi abincin rana, gobe a koma gidan jiya. Wannan kuɗin dai, in aka kasa shi uku, ya kai jarin jika 80 na gidaje uku, daidai abin da aka gwada aka ga amfaninsa, har da canji. Gari nawa ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa ke da irin wannan ɗan kasuwa goma ko ashirin? Ga zakkar hatsi kuma, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi, wadda a wurare da yawa dami-dami ake rabar da ita ga wanda ya fara zuwa bakin gona.

Fiƙihu bai tilasta mana wannan gutsuttsurawa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta a ba mutum guda zakka, a ba shi abin da zai ishe shi shekara shi da iyalinsa, ko da ya haura nisabi, kuma asali a raba ta a garin da ta wajaba ko kusa da shi. Shafi'awa sun ma fi faɗaɗawa. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa a ba shi jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Malaman da suka rubuta wannan ƙarnuka da suka wuce sun riga masu bincike na yau gane cewa gida ba ya tashi da ɗigo. Sharaɗi guda a kiyaye: zakka mallakar talakan ce, ba rance ba ce, kwamiti ba shi da ikon cewa ya maido. Asusun da ake so ya riƙa juyawa a gina shi da sadaka ko wakafi.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ji kukan wani jariri cikin dare, da ya bincika sai ya tarar uwar ce ke gaggawar yaye shi, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Ya ga cewa ƙa'idarsa ce ke cutar da yaran da ya yi nufin taimaka wa, sai ya canza ta, ya sa a riƙa ba kowane jariri tun daga haihuwa. Mu duba tamu ƙa'idar da wannan idon. Wa muke miƙa wa sadaka a mararraba? Wadda ta fi yawan yara a gefenta, wadda jaririnta ya fi ramewa. Matar da ta bar 'ya'yanta a makaranta ta zauna gida tana saƙar tabarma ba ta samun ko dala. Mu da hannunmu muka yanka wa yaro farashi a titi, dillalan nan lissafinmu suka karanta. Malaman tsibbu da ke aika mutane su nemo mai 'yan biyu ko makaho su ba shi sadakar biyan buƙata, su ma suna da kaso a cikin wannan kasuwa.

In masallatai za su karɓi wannan aiki, akwai gargaɗin da ya fito daga shirin gwamnatin kansa. An gwada hanyoyin zaɓen mabuƙata a ƙauyukan Nijar, aka kwatanta zaɓen kwamitin gari da zaɓen da ake yi ta hanyar tambayoyi da lissafin abin da gida ya mallaka. Sai aka tarar mutanen gari sun fi yarda da hanyar lissafi, domin an samu 'yan kwamiti suna jawo abin wajen kansu. Kada mu ɗauka rawani zai kare mu daga wannan. Kwamitin zakkar da liman da ƙaninsa da surukinsa ne kaɗai a ciki, ba zai shekara biyu ba attajirai za su koma raba dala ɗari a ƙofar gida, kuma ba za mu ga laifinsu ba. A rubuta sharuɗɗan tun kafin a ambaci sunan kowa, a sa mata a cikin masu tantancewa tunda su ke shiga ɗakuna su ga tukunya, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita gaban jama'a ba tare da tona asirin wanda ya karɓa ba. Ɗalibanmu da suka iya kwamfuta da lissafi, ga aikin da ya fi musu gardama a Facebook.

Ba kowa ne jari zai tayar ba. Tsohuwar da ba ta gani, da gurgun da ba shi da mai kula da shi, da marayun da kakarsu ke riƙo, waɗannan ciyarwa suke buƙata ta dindindin, kuma ba abin kunya ba ne a ba su har ƙarshen rayuwa. Nan ne wakafi ke da wurin zama, kuma ƙasar ta riga ta yi masa doka da hukuma. Shago biyu a bakin kasuwa da aka tsayar saboda Allah, kuɗin hayarsu zai riƙe gidaje kaɗan kowane wata, shekara da shekaru, ko mai shagon ya daɗe a kabari. Muna da attajiran da ke gina masallaci na uku a layi guda, sahu biyu ba sa cika a cikinsa. Da za su nemi shawararmu, da mun nuna musu filin da ke kusa da tasha.